Ja ko shuɗi? Launin haske da abin da yake yi wa tsiron kwalba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin tsirrai. Ina renon kalus ɗin yakuwa, wato dunƙulen ƙwayoyin tsiro da ake reno a kwalba, a kan abincin reno na MS, burina in ga ko zai ba ni jan sinadarin nan na zoborodo. A duhu yana girma sosai amma fari fat. Da na mayar da shi ƙarƙashin dogon ƙwan ɗakin renonmu sai ya yi ja-ja a sama, girman kuma ya ragu. An ba mu ɗan kuɗi mu sayi ƙwayayen LED, wasu sun ce ja ya fi, wasu sun ce shuɗi. Wanne zan saya, kuma me ya sa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Idan aka tilasta mini in zaɓi launi ɗaya tak don jan sinadarin, shuɗi zan ce. Amma da kuɗin a hannuna suke, ba zan zuba su duka a kan shuɗi ba, balle ja. Farin LED zan saya, in ƙara 'yan layukan shuɗi, sannan in ware wani abu don na'urar auna haske. Abin da kika gani a kwalabenki kuwa, wato girma a duhu da launi a haske, ba alamar matsala ba ce. Haka yawancin kalus mai yin antosayanin, wato jan sinadarin da kike nema, yake. Dalilan suna da ɗan tsawo, sai ki yi haƙuri da ni.

Tsiron da ke gona da haske yake haɗa abincinsa, shi ya sa manomi ke damuwa da yawan rana. Tsiron kwalba ba haka yake ba. Abincin MS da Murashige da Skoog suka fitar a 1962 kusan kullum ana zuba masa sukari giram 30 a kowace lita. Kalus ɗinki kamar baƙo yake wanda ake kai wa akushi safe da yamma, bai san inda murhu yake ba. Ko tsiron kwalba mai ganye ma ba ya iya haɗa abinci da yawa, domin hasken ɗakin reno rauni gare shi: a ma'aunin yawan ƙwayoyin haske, maikuromol 30 zuwa 60 a kowace murabba'in mita a sakan ɗaya, alhali ranar tsaka tana kaiwa wajen 2,000. Ga shi kwalbar a rufe take, da an kunna wuta cikin 'yan sa'o'i iskar kabon da ke ciki ta ragu ƙwarai. To, tunda ba don ci ake ba shi hasken ba, amfanin me yake yi? Labari yake ba wa ƙwayoyin tsiron. Yana gaya musu ko a ƙarƙashin ƙasa suke ko a sarari, ko a inuwar wani tsiro suke ko a buɗaɗɗiyar rana. Da wannan labarin suke yanke shawarar ko su miƙe, ko su yi kore, ko su haɗa sinadaran kariya. Kowane launi kuma da nasa labarin, domin kowanne da furotin ɗin da ke karɓarsa.

Na ja shi ne faitokurom. A Beltsville da ke jihar Maryland ta Amurka aka gano aikinsa. A 1952 Borthwick da Hendricks da abokan aikinsu suka nuna cewa irin latas yana tsirowa idan aka haska masa ja mai tsawon zango nanomita 660, idan kuma aka biyo da jan ƙurya, wato na wajen 730 wanda ido da ƙyar yake ganinsa, sai tsirowar ta fasa. Ko sau nawa aka yi ta musanya su, wanda aka haska na ƙarshe shi ke da magana. A 1959 aka gano furotin ɗin kansa. Ganye yana shanye ja ya bar jan ƙurya ya wuce, don haka idan jan ƙurya ya yi yawa tsiro yakan ɗauka inuwar maƙwabci ce ta rufe shi, sai ya yi ta tsawo. Na shuɗi iri biyu ne: kiriftokurom, wanda Margaret Ahmad da Anthony Cashmore suka bayyana a 1993, da fototurofin, mai sa tsiro ya karkata wajen haske ya kuma buɗe ƙofofin numfashin ganye. Akwai kuma UVR8, wanda aka tabbatar a 2011 cewa shi ke jin hasken UV-B.

Inda abin ya shafe ki shi ne inda saƙonnin nan ke haɗuwa. A cikin duhu akwai furotin mai suna COP1 da aikinsa shi ne ya riƙa lalata wani mai suna HY5. Da haske ya taɓa faitokurom ko kiriftokurom ko UVR8, sai su riƙe hannun COP1, HY5 ya samu ya taru. Shi HY5 ɗin nan yana cikin masu kunna ƙwayoyin gadon da ke haɗa antosayanin, musamman na enzayim ɗin CHS, wanda shi ne ƙofar shiga hanyar filabonoyid gaba ɗaya, wato dangin sinadaran da antosayanin ke cikinsu. Shi ya sa ja ma yakan ɗan kawo launi. Amma a yawancin tsirrai shuɗi da UV sun fi ƙarfi a wannan ƙofa, kuma akwai hikima a ciki. Su ne haske masu kuzarin da ke iya yi wa ƙwayar halitta lahani, filabonoyid da antosayanin kuwa garkuwa ce. Ki dubi mangwaron da ke da jan kunci, ɓangaren da ke kallon rana ne yake yin ja. A shekarun 1970 ƙungiyar Klaus Hahlbrock a Freiburg ta Jamus ta yi aiki mai yawa da ƙwayoyin faski da ake reno a ruwa. A duhu ba sa yin filabonoyid. Da an haska musu haske mai UV, cikin sa'o'i kaɗan enzayim ɗin PAL, mai shirya wa CHS kayan aiki, da shi CHS ɗin suke tashi. Mafi yawan abin da aka fara sani game da yadda haske ke kunna wannan hanya daga irin waɗannan kwalabe ya fito. Yakuwar ma ba ke kika fara ba, masu bincike a Japan sun reni kalus ɗinta mai yin antosayanin tun ƙarshen shekarun 1980. Manyan sinadaran jan zoborodo biyu ne, delfinidin da sayanidin, kowanne ɗaure da sukarin sambubiyos. Kada ki yi mamaki idan rabon da kalus ya ba ki ya bambanta da na zoborodon kasuwa, hakan yana faruwa.

Dogon ƙwan ɗakinku yana da shuɗi a cikin farinsa, har da ɗan burbushin UV-A. Shi ya ba ki ja-jan da kika gani. Dalilin tsayawarsa a sama kuwa shi ne haske ba ya ratsa dunƙulen kalus sosai, kuma ƙwayoyin saman da suka yi ja su ne ke tare wa na ƙasa. Ki yanka dunƙule ɗaya ki gani, cikinsa fari ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa ki riƙa shimfiɗa kalus sirara a kan abincin maimakon tara shi tsibi.

Raguwar girman fa? Dalili biyu ne suke haɗuwa, kuma ɗalibai da yawa na farkon kawai suke rubutawa.

Na farko a jikin ƙwayar yake. Antosayanin daga fenilalanin ake fara gina shi, wanda kuma shi ne ɗaya daga cikin tubalan furotin. Ƙwayar da ke cikin rabuwa tana buƙatarsa don ginin jiki. Wadda ta karkatar da shi wajen PAL ta rage wa girma ke nan. Shi ya sa a yawancin reno launi ya fi taruwa a lokacin da rabuwar ƙwayoyi ta fara lafawa. Neman launi ɗaya na haske da zai ba ki girma mafi yawa da sinadari mafi yawa a lokaci guda yawanci wahalar banza ce. Masu wannan sana'a raba aikin suke yi gida biyu: a tara nauyi tukuna a yanayin da ya dace da girma, sannan a sauya yanayi don sinadari.

Na biyu ba a jikin tsiron yake ba sam, a cikin abincin yake, kuma a ganina shi ne abin da aka fi sakaci da shi a duk maganar launin haske. Ƙarfen da ke cikin MS ɗaure yake da EDTA, sinadarin da ke riƙe shi a narke don tsiro ya iya ɗauka. Haɗin nan yana shan shuɗi da UV-A. Stasinopoulos da Hangarter sun nuna a 1990 da 1991 cewa hasken ɗakin reno na yau da kullum yana farfasa EDTA ɗin, ana samun fomaldihaid a cikin abincin, ƙarfen ya kwanta ya zama wanda tsiro ba ya iya ɗauka, sannan oksin ɗin IAA, wato sinadarin da ke sa girma da fitar saiwa, ya lalace cikin 'yan kwanaki. Da suka sa rawayar leda mai tare hasken da ke ƙasa da nanomita 450, sai lalacewar ta tsaya, girma ya gyaru. Idan abincin yana da ribofilabin abin ya fi muni, domin shi ma yana taimaka wa haske wajen cinye oksin. Ki lura da abin da wannan ke nufi. Mutum zai iya jera kwalabe ƙarƙashin ja da shuɗi, ya ga na shuɗi sun yi ƙaranci ba su yi saiwa ba, ya rubuta cewa shuɗi yana hana girma, alhali kwalaben shuɗin sun rasa oksin da ƙarfe ne kawai. Ina kyautata zaton wani ɓangare na abin da ake yawan faɗa cewa ja yana sa saiwa daga nan ya samo asali. Idan oksin irin su 2,4-D ko NAA kike amfani da su kin ɗan tsira, sun fi IAA da IBA jure haske. Ƙarfen dai bai tsira ba. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: ki ajiye kwalaben abinci waɗanda ba a dasa komai a ciki ba ƙarƙashin kowane launi na mako biyu, sannan ki dasa kalus a cikinsu ki mayar da su duka duhu. Duk bambancin da ya fito, na abinci ne. Kalus ɗin bai ga haske ba balle a ɗora masa.

Kada kuma ki fita daga nan da tunanin cewa shuɗi shi ne launin sinadarai. Misalin da ya fi kowanne suna a wannan fanni akasin haka ya nuna. Shikonin wani jan sinadari ne da ke ɓawon saiwar Lithospermum erythrorhizon, wanda mutanen Japan da Sin suka daɗe suna rini da magani da shi. Dangi ɗaya yake a tsarin gini da sinadarin da ke sa lalle kamawa. Shi ne sinadari na farko da aka fara samarwa don kasuwa daga ƙwayoyin tsiro na tanki, kamfanin Mitsui Petrochemical ya fara a 1983, har aka yi jan baki da shi. Tun a 1974 Mamoru Tabata da abokansa a Jami'ar Kyoto suka ga cewa farin haske da shuɗi suna tsayar da shikonin cak, ja kuwa bai cika damunsa ba. Daga baya aka gano cewa haske yana danne ƙwayar gadon enzayim ɗin da ke haɗa ginshiƙai biyu na sinadarin. A duhu aka yi ta samar da shi, kuma da tsarin nan na gida biyu: abinci ɗaya na girma, wani daban mai suna M9 na sinadari. Jan sinadari biyu ke nan, shuɗi yana kunna ɗaya yana kashe ɗaya.

Tambayar da nake shawartar kowa ya fara yi ita ce: a wane sashe na tsiro ake yin sinadarin nan a daji? Na saiwa yawanci duhu yake so ko kuma bai damu da haske ba. Na ganye da fure da fatar 'ya'ya yawanci haske yake jira. Ko a cikin antosayanin ɗin ma haka ne. An samu layin ƙwayoyi daga dankalin Hausa mai shunayyar tsoka, irin Japan da ake kira Ayamurasaki, wanda ke yin launi a duhu, ai dama a ƙarƙashin ƙasa dankalin ke yin nasa. Ƙa'idar tana da togaciya, amma tana hana mutum ɓata wata shida.

Akwai kuma inda haske ba ya wadatarwa ko wane launi ne, saboda kalus ba shi da ma'aikatar da ake buƙata. Atimisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ya sa Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015, a cikin wasu ƙananan gashi masu jaka da ke bisa ganyen Artemisia annua ake yin sa, wato dangin tazargade. Kalus ba shi da gashin, don haka abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Sai an reni reshe mai ganye sannan maganar haske ke da tasiri. Haka Catharanthus roseus, furen nan mai fari da ruwan hoda da ake shukawa a harabar gidaje, wanda daga gare shi ake samun binkiristin da binbilastin na maganin ciwon daji. Ɗaya daga cikin tubalansu, bindolin, matakansa na ƙarshe haske ke kunna su ta hannun faitokurom, kuma sai a wasu keɓaɓɓun ƙwayoyi na ganye. An shafe shekaru ana renon ƙwayoyinsa a ruwa ba su ba da bindolin na a zo a gani ba. Ke kin yi sa'a, antosayanin ba ya buƙatar wannan, kowace ƙwaya tana iya tara shi a jakar ruwanta.

Masana'antu ma dai ba sa son sinadarin da sai da haske. Tankin ƙarfe ba shi da taga, ruwan ƙwayoyi idan ya yi kauri haske ba ya wuce 'yan santimita a cikinsa. Fakilitakzel na maganin ciwon daji da kamfanin Phyton Biotech ke yi a Ahrensburg kusa da Hamburg, a tankunan da suka kai lita 75,000, ba da fitila ake tunzura ƙwayoyin ba. A renon ƙwayoyin itacen Taxus, wanda daga gare shi ake samun fakilitakzel ɗin, sinadarai irin su metil jasmonet ne aka sani da wannan aiki.

Waɗanda suka ce miki ja ya fi, ina jin masu yawaita tsiro ne, irin masu ayaba da rogo da dankalin Turawa, kuma a nasu fagen suna da hujja. Ja yana miƙar da kara, yana tsawaita gaɓa, yana sauƙaƙa yanka a dasa. Amma ja zalla yana ba da tsiro siriri mai laushi, ganye ba kauri, ƙofofin numfashi ba sa aiki daidai, kuma irin wannan shi ke mutuwa idan an fitar da shi daga kwalba. Hogewoning da abokansa a Wageningen ta ƙasar Holan sun nuna a 2010, da kokwamba, cewa shuɗi kashi 7 cikin 100 kacal ya isa ya hana wannan lalurar. Shuɗi zalla kuma yakan ba da gajeren tsiro mai kaurin ganye. Shi ya sa aka koma gauraya. Nhut da Tanaka da abokansu a Japan sun samu sakamako mafi kyau a situroberi da ja kashi 70, shuɗi kashi 30, a ayaba kuma 80 da 20. Lambobin nan sun bazu har wasu na ɗaukar su kamar doka, alhali na waɗancan tsirran ne a waɗancan kwalabe. Ki tuna kuma duk wannan bincike bai daɗe ba. Sai a 1991 aka fara buga aikin renon tsiro da LED a Jami'ar Wisconsin, shuɗin LED mai ƙarfi kuwa sai a 1993 kamfanin Nichia ya fito da shi. Aikin da aka yi kafin nan yawanci da leda mai launi aka naɗe fitila, wadda ke rage ƙarfin haske tana kuma barin wasu launukan su zurara.

Dalilin da ya sa na ce fari ya zama ginshiƙi ba na ilimin tsiro kaɗai ba ne. Ƙarƙashin ja da shuɗi komai shunayya yake zama. Ba za ki ga farkon gurɓata ba, ba za ki ga kalus ya fara yin ruwan ƙasa ba, ke da ma launi kike bibiya da ido. Farin LED asalinsa shuɗi ne aka lulluɓe da hoda mai mayar da wani ɓangare zuwa kore da rawaya da ja, don haka mai sanyin fari, irin 6500K, yana da shuɗi mai yawa tun daga masana'anta. Koren da ke ciki ma ba asara ba ne, ya fi ja da shuɗi ratsa tsoka.

Yanzu maganar awo, wadda idan ta lalace duk sauran sun tashi a banza. Kada ki daidaita fitilunki da mitar luks. Luks awon idon mutum ne, ido kuwa kore-rawaya ya fi gani, wajen nanomita 555, ja mai 660 da shuɗi mai 450 kaɗan yake ɗauka daga cikinsu. A dogon farin ƙwai, luks 74 ne ke daidai da maikuromol ɗaya, wato luks 3,000 kusan maikuromol 40 ke nan. A jan LED mai 660, luks 7 zuwa 8 ne maikuromol ɗaya. Idan kika sa shelf ɗin ja ya karanta luks 3,000 don ya yi daidai da na fari, kin ba shi haske kusan ninki goma. Duk abin da ya fito daga wannan gwaji na ƙarfin haske ne, ba na launi ba. Daidaitawa da wat ma ba ta fitar da ke, domin ƙwayar hasken shuɗi ta fi ta ja kuzari, wat ɗaya na ja ya fi wat ɗaya na shuɗi yawan ƙwayoyi. Abin da kike buƙata na'urar kwantam ce mai karanta maikuromol. Idan kuɗin ba su kai ba, ki nemi aro a sashen nazarin amfanin gona, masu auna haɗa abincin ganye suna da ita a jikin na'urarsu. Ki auna a daidai tsayin kalus, ƙarƙashin murfin da kike amfani da shi, domin murfi da raɓar da ke taruwa a jikinsa suna cin haske.

Da ni ne ke, ga yadda zan tsara. Kalus ɗin ya yi girmansa a duhu ko a haske mai rauni har mako biyu zuwa uku. Sannan a raba shi, nauyi ɗaya a kowace kwalba, zuwa duhu, fari, fari da ƙarin shuɗi, shuɗi zalla, da ja zalla, waɗanda ke cikin haske dukkansu a ƙarfi iri ɗaya, a ce maikuromol 50, sa'a 16 haske, 8 duhu. Tsakanin shelf da shelf a sa baƙin kwali ko allo, domin ɗan shuɗin da zai zurara zuwa shelf ɗin ja ya isa ya rikita lissafi, kin dai ji abin da kashi 7 ya yi. Kwalabe ashirin a shelf ɗaya ba maimaici ashirin ba ne a wajen launi, fitila ɗaya ce ke kansu. Ki maimaita gwajin gaba ɗaya aƙalla sau uku, kina sauya wa launukan shelf. Ki ajiye ma'aunin zafi a kowane shelf. Wannan na ƙarshe a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Zafi yana rage antosayanin, an san haka a inabi da tuffa, kuma a bazara idan wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ɗakin da ya kamata ya zauna a digiri 25 yana iya haurawa 30 da wani abu kafin a tayar da janareta. Ɗaukewar wutar tana kuma yanke sa'o'in hasken. A nan LED ya yi mana rana fiye da maganar launi: ba ya zafi kamar dogon ƙwai, kuma batir da sola suna iya riƙe shi. Idan akwai ragowar kuɗi, can zan kai su.

Wajen auna sakamako, busasshen nauyi za ki yi aiki da shi, domin kalus ɗin duhu ruwa ne ya cika shi, ɗanyen nauyinsa yana ruɗi. Ki fitar da lamba biyu: antosayanin a kowane giram, da antosayanin a kowace kwalba. Sau da yawa launin da ya ci na farko ba shi ke cin na biyu ba, kuma na biyun ne mai son samarwa ke tambaya. Hanyar bambancin pH ta wadatar: a tatsa da metanol mai ɗan asid, a karanta a nanomita 520 da 700, a pH 1.0 da 4.5. Ki naɗe ruwan da kika tatsa da takardar alminiyom ki sa a firiji, hasken da ya sa aka yi sinadarin yana kuma kashe shi da zarar ya bar ƙwaya.

Za ki ji ana cewa UV-B ya fi komai, kuma gaskiya yana da ƙarfi. Sai dai gilashin kwalba da robar folikabonet suna tare mafi yawansa, ana ba da shi ne na ɗan taƙaitaccen lokaci a rana, kuma yana ƙona ido da fata. Fitilar da ke cikin teburin dasawa ba ita ba ce. Waccan UV-C ce mai nanomita 254, don kashe ƙwayoyin cuta aka yi ta, kalus ɗinki ma za ta kashe shi. A aikin digiri na biyu ni zan bar UV gefe.

Wani abin da zai iya ba ki fiye da abin da kowane ƙwan LED zai ba ki ba ya cin ko sisi. Kalus ba jiki ɗaya ba ne, taron ƙwayoyi ne masu hali daban-daban, wasu na yin ja sosai wasu ba sa yi ko an kwana ana haska su. Duk lokacin sauya abinci, ki tsinci wuraren da suka fi ja da bakin hantsaki ki dasa su daban, ki yi ta yin haka zagaye bayan zagaye. Da irin wannan zaɓe aka samu kusan duk layukan da suka yi suna wajen yawan launi, har da na shikonin. Idan aka daina zaɓen kuma layin yakan koma fari a hankali, saboda fararen ƙwayoyin sun fi saurin rabuwa. A mataki na biyu ki gwada ƙara sukari zuwa giram 50 ko 60 a lita, da rage naitirojin, musamman amoniyam, duka biyun an san suna tura ƙwayoyi wajen antosayanin. A karas cire 2,4-D ne ke buɗe launin, amma ba kowane tsiro ke bin wannan ba, don haka a yakuwa ki gwada da shi da kuma babu shi kafin ki tsayar da abincin mataki na biyu. Ki kammala waɗannan tukuna, ki samu layi mai daidaitaccen ja, sannan ki shiga gwajin launukan. Idan kika fara da kalus mai dabbare-dabbare, bambancin da ke tsakanin kwalba da kwalba zai haɗiye na tsakanin ja da shuɗi. Allah Ya ba da sa'a.